Shin marubutan daji na Turawa so suke a kori ɗan Adam daga muhalli?

Tambaya: Malam, a darasin muhalli an ba mu sunayen Thoreau da Muir da Leopold da Carson, aka ce su ne iyayen falsafar kare muhalli. Na ɗan leƙa rubutunsu, sai na ga kamar maganarsu duka ita ce ɗan Adam maɓarnaci ne, daji ya fi kyau idan babu shi. Wannan ba falsafar masu ƙoshi ba ce? Me za ta tsinana wa manomi da makiyayi?

Amsa: Ɗan'uwa, zarginka ya sami mutum ɗaya cikin huɗun nan sosai, ya ɗan shafi na biyu, sauran biyun kuwa bai taɓa su ba. An saba jera su a sahu ɗaya kamar bakinsu ɗaya, alhali da za a tara su a zaure guda, gardama za ta kaure. Hanyoyi biyu ne a cikin wannan adabi. Ta farko tana ɗaukar daji wurin ziyara, wuri mai tsarki da mutum zai je ya wanke zuciyarsa ya koma gari. Ta biyu tana ɗaukar ƙasa wurin zama, inda ake noma da sara da kiwo, tambayarta kuma ita ce yaya za a yi waɗannan ba tare da an kashe abin da ke ciyar da mutane ba. A ganina ta biyun ce mai nauyi, ita ce kuma ba a cika koyarwa da kyau ba.

Ita ce ma ta riga zuwa. A 1789 wani limamin coci na ƙauyen Selborne a kudancin Ingila, Gilbert White, ya wallafa wasiƙun da ya riƙa aika wa abokansa biyu masana halittu. Babu dutse mai ban tsoro ko ƙungurmin daji a ciki. Ƙauye ne da gonakinsa da lambunansa, da mutumin da ya shafe shekaru yana lura da ranar da tsuntsu kaza ke isowa da ranar da yake tafiya. Da kunne ya rarrabe wasu ƙananan tsuntsaye iri uku da ake ɗauka iri ɗaya ne, don kukansu ya bambanta. Ya kuma rubuta cewa tana, wadda manoman zamaninsa suka raina, ita ke huda ƙasa tana sassauta ta, idan babu ita ƙasa za ta daskare ta daina haihuwa. A wurin White mutum da tana da tsattsewa 'yan gari ɗaya ne, bai ga dalilin raba su ba.

Henry David Thoreau shi ne wanda zarginka ya ɗan shafa. Ranar 4 ga Yulin 1845 ya tare a wata 'yar bukka da ya gina da hannunsa a bakin tafkin Walden, kusa da garin Concord a jihar Massachusetts, ya zauna shekara biyu da wata biyu. Littafin Walden ya fito a 1854. Masu sukarsa na jin daɗin tona cewa filin na abokinsa marubuci Emerson ne, gari bai kai mil biyu ba, kuma yakan shiga gari a kai a kai. Duk gaskiya ne, sai dai shi da kansa ya faɗi cewa bayan kwana ɗaya ko biyu yakan taka zuwa gari ya ji labarai. Bai ce ya gudu daga mutane ba. Layin dogo ma ta gefen tafkin ya wuce, yana jin ƙarar jirgi kullum, kuma a hunturu ya kalli leburori suna sarar ƙanƙarar tafkin, hajar da a wancan zamani ake kaiwa har Indiya a jirgin ruwa.

Abin da ya kai shi can lissafi ne. Babin farko, mafi tsawo a littafin, a kan tattalin rayuwa yake: ya jera kuɗin katako da ƙusa da tagogi, bukkar ta ci dala 28 da santi 12 da rabi. Ya ce aikin kamar mako shida a shekara ya ishe shi biyan buƙatunsa. Hujjarsa ita ce farashin kowane abu shi ne yawan rayuwar da ka bayar kafin ka same shi, kuma maƙwabtansa manoma, da gonakinsu na jingina da bashin da ke wuyansu, gona ce ta mallake su. A nan mai iyali yana da hujjar yin tsaki, don Thoreau ba shi da mata ba shi da 'ya'ya, gidan mahaifinsa kuma na da sana'ar yin fensir da zai koma. Amma ka lura ya noma wake a fili eka biyu da rabi, kuma da wasu dabbobi dangin kurege suka yi masa ɓarna, bayan fushi sai ya tambayi kansa ko waken nan ba su ma suna da rabo a cikinsa ba. Tambayar mai fartanya a hannu ce wannan. Ya auna zurfin tafkin da igiya da dutse, ya sami ƙafa 102, a lokacin da mutanen gari ke cewa ba shi da ƙarshe. A shekarunsa na ƙarshe, kafin tarin fuka ya kashe shi a 1862, ya duƙufa rubuta ranar da kowace shuka ke fure, har masu bincike a Jami'ar Boston suka ɗauko bayanan nan a wannan ƙarni suka nuna cewa yanzu furanni a Concord na riga lokacinsu na da fitowa saboda ɗumamar yanayi.

Wanda zarginka ya sama shi ne John Muir. An haife shi a Sikotland a 1838, ya tashi a Wisconsin ƙarƙashin uba mai tsananin addini, ya isa Kalifoniya a 1868. A 1869 ya bi garken tumaki zuwa duwatsun Sierra Nevada, ya fito yana kiran tumakin fara mai kofato saboda yadda suke cinye ciyayi. Alƙalaminsa na da ƙarfi ƙwarai, kuma harshen ibada yake amfani da shi: duwatsu a wurinsa ɗakunan bauta ne. Da wannan alƙalami ya taimaka aka mai da yankin Yosemite da ke cikin waɗannan duwatsu gandun ƙasa a 1890, ya kafa ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club a 1892, a 1903 kuma ya kwana a daji da Shugaba Theodore Roosevelt yana cusa masa ra'ayinsa. Akwai wani abu da ya kamata a yaba masa: ya ƙi yarda cewa an yi kowace halitta don amfanin mutum kaɗai, har macizai da kadoji ya ce suna da haƙƙin rayuwa don kansu.

Sai dai kwarin Yosemite da ya kira wurin da hannu bai taɓa ba, da mutanensa. Ƙabilar Ahwahneechee ta daɗe a wurin, kuma a 1851 wata rundunar 'yan sa-kai ta Turawa ta shiga ta ƙone musu gidaje da rumbuna. Filayen ciyawa masu ban sha'awa da Muir ya yaba, wutar da waɗannan mutane ke sakawa lokaci-lokaci ce ta hana su rufewa, da aka hana wutar sai itatuwa suka fara cinye filayen. Muir ya haɗu da 'yan asalin yankin a kan hanya, ya rubuta cewa ƙazamai ne, kamar ba su da gurbi a wannan shimfiɗar ƙasa. Ƙungiyar da ya kafa da kanta ta fito a 2020 ta amsa cewa kalamansa na wariya ne. To ka ga, sai da aka fitar da mutane da bakin bindiga sannan aka sami dajin da babu kowa, daga baya aka zo ana rubuta masa waƙa.

Babban abokin hamayyarsa shi ne Gifford Pinchot, shugaban farko na hukumar gandun daji ta Amurka a 1905. Shi a wurinsa daji dukiya ce da za a sarrafa da ilimi don amfanin mafi yawan mutane na tsawon lokaci. Sun kai ruwa rana a kan kwarin Hetch Hetchy da ke cikin gandun Yosemite. Bayan girgizar ƙasa da gobarar 1906, birnin San Francisco ya matsa a ba shi kwarin ya yi madatsar ruwa. Muir ya ce wannan daidai yake da mai da coci tankin ruwa, Pinchot ya goyi bayan birnin. A 1913 majalisa ta amince, Muir ya mutu a 1914, kwarin kuma yana ƙarƙashin ruwa har yau, birnin na sha daga gare shi.

Littattafan makaranta kan gabatar da wannan rigima kamar ita ce dukan zance: ko ka bi Muir ko ka bi Pinchot. Ni abin da ya haɗa su ya fi damuna. Dukansu sun ɗauka cewa mutumin ƙauye da ke zaune a wurin shi ne haɗarin, mai tsaron kuma hukuma ce da ƙwararrunta. Wannan tunani ne ya iso Afirka. Pinchot ya yi karatu a makarantar daji ta Nancy a Faransa, inda aka horar da jami'an daji na mulkin mallakar Faransa. Dokar daji ta 1935 a Afirka ta Yamma ta Faransa ta sa muhimman itatuwa ƙarƙashin ikon gwamnati, ko da a gonar mutum suke. Yarjejeniyar Landan ta 1933 kuma ta yaɗa tsarin gandun namun daji da ake keɓewa daga mutane, har aka fitar da makiyayan Masai daga Serengeti, a Tanzaniya ta yau, a 1959. Masanin tarihi ɗan Indiya Ramachandra Guha ya yi irin sukarka a 1989, yana nuna ƙauyukan da aka tasa don a yi wa damisa wuri. Saboda haka ba kai kaɗai ka hango abin ba.

Yanzu ga Aldo Leopold, wanda nake so ka ba lokacinka. Yaron gidan Pinchot ne ta fuskar ilimi: ya gama makarantar daji ta Yale a 1909, hukumar gandun dajin da Pinchot ke shugabanta ta tura shi aiki Arizona da New Mexico. A lokacin manufar hukuma ita ce a ƙarar da kyarketai da sauran namun daji masu farauta, don bareyi su yawaita maharba su samu, shanun makiyaya su tsira. Ya yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Shekaru da yawa bayan haka ya ba da labarin ranar da shi da abokan aikinsa suka hango wata kyarkeciya da 'ya'yanta a gindin dutse suka buɗe musu wuta, ya isa wurinta yana kallon wani koren haske na mutuwa a idonta. Amma ba a take ya tuba ba. Abin da ya sauya shi shi ne abin da ya gani daga baya: duk dutsen da aka ƙarar da kyarketansa, bareyi sun yi yawa sun cinye kowane toho da kowane ganye har iya inda bakinsu ke kaiwa, sannan yunwa ta kashe su, ruwan sama ya kwashe ƙasar. Tudun Kaibab a Arizona a shekarun 1920 shi ne misalin da aka fi kawowa, ko da yake masana na baya sun yi jayayya a kan alƙaluman da aka bayar. Darasin da ya ciro shi ne barewar da kyarkeci ya kashe ana mayar da gurbinta cikin shekara biyu ko uku, amma makiyayar da bareyi suka kashe tana iya shafe gomman shekaru ba ta farfaɗo ba. Ya ce a koyi tunani irin na dutse, wato a auna abu da tsawon lokacin da ƙasa ke aunawa, ba da kakar bana ba.

A 1935 ya sayi wata gona a bakin Kogin Wisconsin wadda mai ita na baya ya tatse ta har ta zama rairayi, ginin da ya rage a cikinta tsohon akurkin kaji ne. Shi da matarsa da 'ya'yansu biyar suka gyara akurkin, suka riƙa dasa dubban itatuwa, fari na kashewa suna sake dasawa. Daga wannan gona littafinsa A Sand County Almanac ya fito a 1949. Bai ga fitowarsa ba, don a Afrilun 1948 zuciyarsa ta buga yana taya maƙwabcinsa kashe gobarar ciyawa.

Ka dubi wurin da ya zaɓa: gonar da ta mutu, ba dutsen Muir ba. Mutum ne mai farauta, mai sarar itace, kuma ya rubuta cewa ba da alƙalami ake gane mai kare muhalli ba, da gatari ake gane shi, wato da abin da yake tunani lokacin da yake zaɓar wanda zai sara da wanda zai bari. Babinsa na ƙarshe ya buɗe da tsohon labarin Girkawa na wani sarki da ya dawo daga yaƙi ya rataye kuyanginsa goma sha biyu, ba wanda ya ga laifinsa don dukiyarsa ce. Leopold ya ce da'irar waɗanda ake jin nauyin haƙƙinsu ta yi ta faɗaɗa tun daga lokacin, amma ƙasa har yanzu tana matsayin kuyangin nan. Abin da yake nema shi ne mutum ya sauka daga matsayin wanda ya ci ƙasa da yaƙi, ya zama ɗaya daga cikin jama'arta, tare da ruwa da tsirrai da dabbobi. Ma'auninsa kuma: abu daidai ne idan yana kiyaye haɗin kan wannan jama'a da ɗorewarta da kyanta, kuskure ne idan ya saɓa. Babu inda ya ce a daina noma ko yanka.

Ya kuma kawo wani misali da duk wanda ya ga bikin dashen itatuwa na shekara-shekara a ƙasashenmu zai gane. A 1933 gwamnati ta ba manoman kudu maso yammacin Wisconsin ma'aikata da kayan aiki kyauta, da sharaɗin su bi dabarun hana zaizayar ƙasa na shekara biyar. Sun karɓa. Da wa'adin ya cika, suka watsar da komai sai abin da ke kawo riba nan take. Abin da aka ɗora wa mutum daga sama yana ƙarewa ranar da kuɗin ya ƙare.

Yana da raunin da ba zan ɓoye maka ba. Albashin farfesa yake ci a Jami'ar Wisconsin, gonar ta ƙarshen mako ce, ba daga ita tuwon gidansa ke fitowa ba. Masanin falsafa Tom Regan ya soke shi cewa idan lafiyar jama'ar halittu ce ma'auni, to za a iya sadaukar da ɗaiɗaikun rayuka saboda ita. Sannan ɗorewar da yake magana a kai ta fi dacewa da ƙasa mai damina tabbatacciya. A Sahel, inda ruwan bana ba ya kama da na bara, yawan ciyawa ya fi bin ruwan sama fiye da yawan dabbobi, kuma yawon makiyayi shi kansa dabara ce ta zama da wannan rashin tabbas.

Rachel Carson kuwa ba ta da alaƙa da zarginka ko kaɗan. Masaniyar halittun teku ce da ta yi aikin gwamnati, littafinta Silent Spring na 1962 kuma a kan gonaki da unguwanni da jikin mutum yake. Ta nuna yadda maganin ƙwari ke taruwa daga ƙaramin mai rai zuwa babba. A tafkin Clear Lake na Kalifoniya an zuba maganin DDD kashi ɗaya cikin miliyan 50 na ruwa, aka same shi a kitsen tsuntsayen da suka mutu har kashi 1,600 cikin miliyan. Ba ta ce a daina feshi gaba ɗaya ba, ta yi gargaɗi ne cewa feshi barkatai na sa ƙwari su saba da maganin. An ga haka a yammacin lardin Sakkwato a tsakiyar shekarun 1950, inda sauron zazzaɓi ya daina jin maganin dieldrin jim kaɗan bayan fara feshi. Ta rasu a 1964, Amurka ta hana maganin ƙwari na DDT, ɗan'uwan DDD, a noma a 1972, amma har yanzu dokar duniya ta bar ƙofar amfani da shi don yaƙi da maleriya.

Game da manomi, ka dubi Maraɗi da Damagaram. Muddin itace na gwamnati ne, malamin daji na iya cin mutum tara a kan gawon da ke gonarsa, manomi ya gwammace ya sare toho tun yana ƙarami. Bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984, da ikon jami'an daji ya sassauta, manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su rage sauran. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa dabarar a Maraɗi daga 1983, ƙauyuka da yawa kuma da kansu suka kama. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Ba a kori kowa ba, ba a kewaye ko'ina da waya ba. Gawo na zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, yana ƙara wa ƙasa taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Wannan shi ne gatarin da Leopold ke nufi, a hannun mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba.

Tambayarka ta masu ƙoshi ma tsohuwa ce a wurinmu. Aya ta 38 a Suratul An'am ta ce dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamarmu. Da Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya ya naɗa bawansa Hunayyu ya kula da ita, umarnin da ya ba shi shi ne ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare dabbobin Ibn Auf da Ibn Affan, don su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma, talaka kuwa da 'ya'yansa zai zo yana kuka. Keɓe wuri ke nan da aka fara da tambayar wa zai ji jiki, tambayar da Muir bai yi ba.

Idan za ka karanta, fara da Leopold. Turancinsa mai sauƙi ne, kashin farko na littafin an tsara shi wata-wata daga Janairu zuwa Disamba, sai ka tsallaka zuwa labarin kyarkeciyar da babin ƙarshe. Daga nan ka ɗauki babi uku na farko na Carson. Thoreau ya fi wuya saboda dogayen jimloli da habaici, babin gonar wake ya fi babin farko sauƙin shiga. Muir kuma ka haɗa shi da maƙalar William Cronon ta 1995 a kan matsalar tunanin dajin da babu kowa, don ita ce ta bi diddigin mutanen da aka share daga hoton.